Shin buɗe tagar tanti ya isa a kwana da garwashi a ciki?

Uban Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirin fita zaman sansani da iyali a wani wuri mai tudu inda dare yake yin sanyi ƙwarai, kuma a cikinmu akwai yara ƙanana. Tantin da za mu kwana a ciki babba ne, yana da ɗakin barci da rumfar gaba wadda ake zuge ta da zif, yana kuma da tagogin raga biyu a sama. Shawarar da na yanke ita ce, idan an gama girki da gawayi a waje, in bari hayaƙin ya ƙare ya zama jan garwashi zalla, sannan in shigo da kaskon cikin rumfar gaba kaɗai, in bar tagogin saman a buɗe domin iska ta riƙa zagayawa. Ina roƙon masu ilimin abin su gaya mini ko tagogin biyu sun wadatar, ko kuwa sai na ƙara sassauta zif ɗin ƙofa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam. Malam, don girman Allah kada ka shigo da kaskon nan, ko rumfar gaba ko ɗakin barci, ko da ka buɗe kowace taga da tantin yake da ita. Ba hayaƙin da kake jira ya ƙare ba ne yake kashe mutane a irin wannan hali. Abin da yake kisa wata iska ce mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari ko yajin ido, kuma garwashin da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita har sai ya mutu murus ya huce. A shekarar 2012, a wani sansani da ke yankin Shropshire a Ingila, wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasu a cikin tanti bayan an shigo da abin gashi na gawayi cikin rumfar gaba, wato daidai wurin da kake nufin ajiye naka, sauran iyalin kuma aka kwashe su zuwa asibiti. Ka bar shi a waje, nesa da ƙofa.

Matafiyin Daji:
Malama, ina girmama aikinki, amma ina ganin an tsananta. Tanti ƙyalle ne, ba ɗakin bulo ba, iska tana ratsa shi ta saƙa da ɗinki da ƙarƙashi. Na daɗe ina kwana a daji, na sha shigar da ɗan garwashi idan sanyi ya matsa, kuma ban taɓa ganin wani abu ya faru ba.

Malamin Kimiyya:
Ɗan'uwa Matafiyi, Allah ya ƙara tsarewa, sai dai sabo da kaza ba ya hana yankanta. Bari in ɗauki maganar ƙyallen da farko, domin a kanta mutane da yawa suke dogara. Tantunan zamani galibi da zaren nailan ko foliyesta ake yin su, sannan a shafe su da wani sinadari domin kada ruwa ya ratsa, a kuma liƙe ɗinkunan. Abin da aka yi domin ya tare ruwan sama ba ya barin iska ta wuce yadda ake zato. Ko tantin auduga mai kauri, wanda yake ɗan numfashi idan ya bushe, zarensa yana kumbura ya toshe ƙofofin saƙar da zarar ya jiƙe. Ga shi kuma daren da mutum yake sha'awar wuta a ciki shi ne daren ruwa ko raɓa ko dusar ƙanƙara, daren da kowa yake zuge komai domin kada sanyi ya shigo.

Game da yadda gubar take samuwa, duk abin da yake ci da wuta, gawayi ne ko itace ko kananzir ko gas ko fetur, idan ya sami isasshiyar iskar oksijin yana fitar da kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa da numfashi. Idan oksijin ya gaza, ko wutar ta yi rauni, sai ƙonewar ta tsaya a rabi, kabon monoksaid ta fito. Garwashin da toka ta fara rufewa yana cin kansa a hankali ba tare da harshen wuta ba, kuma harshen wutar ne yake ƙarasa ƙone wannan iska tun kafin ta bazu. Saboda haka lokacin da kasko ya lafa, wanda ido yake ganin kamar hatsari ya wuce, yana daga cikin lokutan da ya fi fitar da guba. A cikin rufaffen wuri kuma abin yana ciyar da kansa, domin wuta tana rage oksijin, raguwar oksijin tana ƙara lalata ƙonewar, lalatacciyar ƙonewa tana ƙara guba.

Tanti wuri ne ƙarami ƙwarai idan aka gwada shi da ɗaki, don haka ba ya ɗaukar lokaci kafin iskarsa ta gurɓace. Ana auna wannan guba da kashi cikin miliyan. A wajen kashi 200 cikin miliyan, lafiyayyen babba yana fara ciwon kai cikin awa biyu zuwa uku. A kashi 400 rai yana shiga hatsari bayan kamar awa uku. A kashi 800 ana samun jiri da tashin zuciya da jijjiga cikin minti 45. Ka lura cewa ko kashi 800 ɗin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na iskar wurin ba. Fitar da ita ta taga kuwa ya dogara ga kaɗawar iskar waje, wadda takan kwanta a tsakiyar dare, lokacin da babu mai farke da zai lura. Mutum zai iya kwana sau da yawa lafiya domin iska ta taimake shi, har ranar da ba za ta kaɗa ba.

Uban Yara:
Na gode Malam, bayanin ya shige ni. Abin da ban gane ba shi ne, idan iskar ta fara yi wa mutum illa, me zai hana ya farka ya fita, kamar yadda hayaƙi yake tayar da mai barci?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wannan tambayar ita ce zuciyar maganar. A cikin jininmu akwai sinadarin himogulobin wanda yake ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Kabon monoksaid tana kama wannan sinadari da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma idan ta kama ba ta saki da wuri. Jiki kuwa ba ya jin shaƙewa saboda rashin oksijin kai tsaye, abin da yake sa mutum ya ji numfashi ya ƙuntata shi ne taruwar kabon dayoksaid, ita kuma tana fita yadda ta saba. Don haka mai barci yana numfashinsa a natse alhali ƙwaƙwalwarsa tana rasa abincinta, sai ya zarce daga barci zuwa suma. Wanda ya farka ma yakan tarar da jikinsa ya mutu, tunaninsa ya dagule, ya ga zif ɗin ƙofa a gabansa ya kasa miƙa hannu, ko ya ce bari ya ƙara kwanciya ciwon kan ya lafa.

Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, amai, wani lokaci da ciwon ƙirji, kuma sun yi kama da mura ko gajiyar tafiya ko ɓacin ciki. Abubuwan da suke bambanta su: yawanci babu zazzaɓi, mutane da yawa a tanti ɗaya suna kamuwa lokaci guda, kuma suna jin sauƙi idan sun fito sarari. Yara suna saurin kamuwa domin suna numfashi da sauri fiye da manya, kuma ba sa iya faɗin abin da suke ji, sai dai a ga kuka ko amai ko barcin da ya wuce ƙima. Mai juna biyu tana cikin hatsari na musamman, saboda jinin ɗan tayi yana riƙe gubar fiye da na uwa. Haka tsofaffi da masu ciwon zuciya da masu ƙarancin jini.

Mahayin Duwatsu:
Ban da ja a kan gawayi, wannan babu muhawara a cikinsa. Amma ina so kada mu yi dokar da ba za ta yi aiki a ko'ina ba, domin dokar da mutane suka ga ba ta yiwuwa sukan yi watsi da ita gaba ɗaya. Wanda guguwar ƙanƙara ta tsare a kan dutse ba shi da ruwan sha sai ya narkar da ƙanƙara, kuma ba zai iya kunna risho a fili ba. Masu wannan tafiya suna girki a rumfar gaba, kuma suna da ƙa'idojinsu: a buɗe ƙofar rumfar sosai ta gefen da iska ba ta bugowa, a buɗe tagar sama, a kakkaɓe ƙanƙarar da ta rufe gindin tanti da tagogi, mutum ya zauna a farke yana kallon wutar, a kashe ta da zarar an gama. Ba a ɗumama tanti da risho, ba a kuma kwanciya yana ci. Gara a koya wa mutane wannan bambanci da a ce musu kawai haramun ne.

Malamin Kimiyya:
Na yarda da kai cewa akwai bambanci tsakanin girkin minti goma a farke da ƙofa a buɗe, da kuma wutar da aka bari mutane suna barci. Sai dai zan ƙara abu biyu da masu hawan dutse ya kamata su riƙe. Na farko, rishon gas da yake ci da shuɗiyar wuta mai tsabta yana canza hali da zarar an ɗora masa tukunya mai sanyi, domin gindin tukunyar yana sanyaya harshen wutar kafin ƙonewa ta kammala, sai gubar ta ƙaru. Tukunya mai faɗi da ta zauna dab da bakin risho, cike da ƙanƙara, ita ce mafi muni a wannan fanni, kuma narkar da ƙanƙara aiki ne mai cin lokaci. Idan wuta ta koma ruwan ɗorawa ko tana baƙanta gindin tukunya, alama ce ta lalatacciyar ƙonewa, amma shuɗiyar wuta ma ba shaida ba ce cewa babu guba. Na biyu, a kan tudu mai nisa iska ba ta da kauri, jiki yana fama da ƙarancin oksijin tun kafin a kunna komai, kuma ciwon kai da tashin zuciyar da gubar take kawowa sun yi kama da ciwon hawan tudu, har mutum ya ɗora laifin a kan dutse ya shige jakar barcinsa.

Ƙwarewa ma ba ta hana wannan. Richard Byrd, Ba'amurken nan mai binciken yankin ƙanƙara na kudancin duniya, ya zauna shi kaɗai na tsawon watanni a wata 'yar bukka a Antaktika a shekarar 1934, kuma gubar da take fitowa daga murhunsa da injinsa ta kusa halaka shi, saboda ƙanƙara tana toshe bututun iska, har sai da abokan tafiyarsa suka je suka same shi. Abin da ka bayyana larura ce ta wanda ba shi da zaɓi, kuma ko a nan yana ɗaukar kasada da saninsa. Mai tambayarmu yana da zaɓi, yana kuma da yara a tare da shi.

Mahayin Duwatsu:
A kan haka ba mu saɓa ba. Ga iyali a sansani, girki a waje, ko a ƙarƙashin rumfar da gefunanta suke buɗe, nesa da tantin kwana.

Makanike:
Ina so in jawo hankali ga gas ɗin kansa tun kafin a kunna shi, domin hatsarinsa daban ne. Gas ɗin da ake cikawa a silinda da ƙananan gwangwanaye, furofen ne ko buten ko haɗinsu, ya fi iska nauyi, na farko da kamar ninki ɗaya da rabi, na biyu da kamar ninki biyu. Idan ya yi yoyo ba ya tashi ya fita ta tagar sama, kwanciya yake yi a ƙasa, kuma shimfiɗar ƙasan tanti an ɗinke ta da gefuna masu tsayi domin ta tare ruwa, don haka tana tare gas ɗin a daidai inda kawunan masu barci suke. Da ya kai wajen kashi biyu cikin ɗari na iskar wurin, ƙyastin ashana ɗaya ya isa. Warin da ake ji ƙara masa shi aka yi da gangan domin a gane yoyo, amma hanci ba ya aikin gadi idan mutum yana barci. Saboda haka silinda da gwangwani su kwana a waje, a tsaye, a inuwa, kuma a canza gwangwani a waje, nesa da kowace wuta, bayan risho ya huce. A duba robar bakin da tiyo, a gwada mahaɗa da ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. Kada kuma a ɗora faffaɗar tukunya ko faranti da zai rufe wurin gwangwani a kan ƙaramin risho, domin zafi yana komawa kan gwangwanin har ya fashe. Ƙyallen nailan idan ya kama wuta narkewa yake yi yana ɗiga a jiki, kuma ƙofar fita zif ce.

Sai janareta da mota. Hukumar CDC, mai kula da yaƙi da cututtuka a Amurka, tana ba da shawarar a ajiye janareta aƙalla ƙafa 20, wato kimanin mita 6, daga ƙofa ko taga, kuma ni ina ganin tanti ya fi gida buƙatar wannan tazara. A juya bakin salansa ya kalli wani gefe, a duba inda iska take kaɗawa, a kuma duba na maƙwabci, domin hayaƙin injinsa ba ya tsayawa a iyakar filinsa. Haka nan kada a bar mota tana aiki kusa da tanti domin cajin waya ko hasken fitila.

Uwar Gida:
To Malamai, idan an hana gawayi an hana risho, da me za a kare yara daga sanyi? Kuma na ga ana sayar da hita mai gas da aka rubuta cewa tana kashe kanta idan iska ta lalace.

Malamin Kimiyya:
Hajiya, abin da yake cikin irin wannan hita yana lura ne da raguwar oksijin, yakan kashe ta idan ya sauko daga kashi 21 cikin ɗari da aka saba zuwa wajen 18. Ba ya auna kabon monoksaid, kuma hitar da ƙura ta toshe ko ta tsufa tana iya fitar da guba tun oksijin bai ragu har haka ba. Ban da wannan, kilo ɗaya na furofen idan ya ƙone yana fitar da tururin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi, wanda zai sauka a bango da barguna ya jiƙa su. Akwai tantunan da aka ƙera domin murhu mai bututun hayaƙi da yake fita waje, waɗannan wani tsari ne daban, su ma suna buƙatar mashigar iska ta ƙasa da mai lura da wuta, kuma toshewar bututu tana mayar da su tarko.

Ɗumi na gaskiya a tanti daga jiki yake fitowa, aikinmu shi ne mu tsare shi. Ƙasa ce take janye zafin mai kwance fiye da iska, don haka shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashi ta fi ƙarin bargo a sama amfani. A canza wa yara busassun tufafi kafin kwanciya, a sa musu hula da safa, a tafasa ruwa a waje a zuba a gora mai murfi mai ƙarfi, a naɗe ta da zane a sa a ƙafafunsu. Tagogin kuwa a bar su a buɗe duk da sanyi, kuma a nan ne amfaninsu yake. Numfashin masu barci yana fitar da danshi duk dare, idan bai sami hanya ba sai ya taru a rufi ya ɗigo, jiƙaƙƙen bargo kuma ba ya ɗumi. Iska tana zagayawa ne idan akwai mashiga ta ƙasa da mafita ta sama, don haka kada a jingina jakunkuna a bakin ƙananan tagogi, a kuma ɗaure rufin waje ya miƙe yadda ba zai manne da na ciki ba. Wannan tsarin an yi shi daidai da numfashin mutane, ba a auna shi da wuta ba. Fitilar kananzir da kyandir da maganin sauro na kunnawa su ma wuta ne, fitila mai batir da raga sun wadatar.

Matafiyin Daji:
Idan na sayi na'urar nan mai ƙara idan ta ji gubar, shin ba ta warware matsalar ba?

Makanike:
Ka saye ta, kowane mai tanti ya kamata ya riƙe ɗaya mai batir, amma ka san yadda take aiki. Ba ta kuka nan take. A ƙa'idar Turai mai lamba EN 50291, idan gubar ta kai kashi 50 cikin miliyan na'urar tana jira minti 60 zuwa 90, a kashi 100 minti 10 zuwa 40, a kashi 300 kuwa cikin minti 3. An tsara ta ne domin ta tashe ka idan hayaƙin wani ya shigo maka ko wani abu ya lalace, ba domin ka kawo garwashi ka ce ta yi gadi ba, kuma sanyi yana kashe batir, danshi yana taɓa na'ura, abin da yake sansano gubar a cikinta ma yana da ranar ƙarewa a rubuce a bayanta. Ba ta jin yoyon gas, ba ta kuma maye gurbin na'urar hayaƙi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masanin nan John Scott Haldane ya ba masu haƙar kwal shawarar shiga rami da ƙananan dabbobi domin su riga mutum nuna alama, aka yi ta amfani da tsuntsun kanari a Birtaniya har 1986, kuma idan tsuntsun ya faɗi fita ake yi. Haka ita ma, idan ta yi ƙara a fita da kowa, kada a tsaya neman dalili a ciki.

Uban Yara:
Kaskon zai kwana a waje, za mu kuma nemi na'urar da ƙarin shimfiɗa. Saura abu biyu: a ina zan ajiye ta a cikin tantin, kuma idan Allah ya kawo tsautsayi, ko a tantin wani, me za a fara yi?

Ma'aikaciyar Jinya:
Nauyin kabon monoksaid kusan ɗaya ne da na iska, tana gauraya da ita ko'ina, don haka ka ajiye na'urar a ɗakin barci, kusa da inda kawuna suke, a wurin da bargo ko jaka ba za su rufe ta ba, ka kuma danna maɓallin gwaji kafin ku bar gida. Idan ana zargin wani ya shaƙa, a buɗe tantin gaba ɗaya, a ja shi zuwa sarari ba tare da mai ceton ya daɗe a ciki ba, a kira motar asibiti ko a kai shi nan take. Idan ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki, domin babu wani abin sha da yake fitar da wannan guba. Idan numfashi ya tsaya a fara danna ƙirji har taimako ya iso. Duk wanda ya kwana a tantin ya je asibiti ko da ya ce ya warware, saboda a iskar waje jini yana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ya fita, alhali da oksijin zalla na asibiti yakan ragu zuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Ku faɗa wa likita a fili cewa an kwana kusa da wuta ko inji, domin ɗan abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa yana iya nuna oksijin ya cika alhali guba ce ta cika jinin, sai an yi gwaji na musamman ake ganewa. Bayan an sallame shi ma a sa masa ido na wasu makonni, idan aka ga mantuwa ko rikicewar tunani ko sauyin hali ko tangaɗi a tafiya, a mayar da shi asibiti a tuna musu abin da ya faru.